Kowa Ya Haɗiye Taɓarya: Yadda Lissafin Saddam Ya Rushe a Kuwait

Kafin asubahin Alhamis, 2 ga Agustan 1990, tankokin zaratan dakarun Iraƙi suka tsallaka iyaka suka nufi birnin Kuwait. Sojojin da aka jibge domin wannan aiki sun kai 100,000, alhali sojojin ƙasa na Kuwait kimanin 16,000 ne kacal. Sarki Jabir al-Ahmad al-Sabah ya sha da ƙyar zuwa Saudiyya, ƙaninsa Fahad kuwa aka kashe shi a fadar Dasman. Cikin kwana biyu an gama. Ranar 8 ga wata Saddam Hussein ya ce ya haɗe Kuwait da Iraƙi har abada, ranar 28 kuma ya mayar da ita lardi na 19.

Wata bakwai ba su cika ba sojojinsa suka fito a guje, suka bar gawarwaki da ƙonannun motoci a kan hanyar Basra. Abin da ya kai shi wannan hali ba rashin hujja ba ne. Saddam yana da hujjoji, kuma kusan dukkansu abubuwa ne da suka faru da gaske. Matsalar ita ce kowace ɗaya amsar wata tambaya ce daban da wadda ya yi.

Bashi ne ya fara kora shi

Yaƙin shekara takwas da Iran ya ƙare a Agustan 1988 ba tare da Iraƙi ta ƙaru da ko taƙi ɗaya mai amfani ba. Ta fito da bashin da ya kai dala biliyan 80, wajen biliyan 14 daga ciki na Kuwait ne. Ga sojoji kusan miliyan ɗaya, sallamarsu haɗari ne tunda babu aikin ba su, riƙe su kuma sai da kuɗi. Kuɗin nan mai ne kaɗai ke kawo shi, sai ga farashin ganga ya faɗo daga kusan dala 20 a farkon 1990 zuwa wajen dala 14 a watan Yuni, saboda Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna haƙo fiye da kason da OPEC ta yanka musu. Saddam ya faɗa wa shugabannin Larabawa a taron Bagadaza na watan Mayu cewa duk dala ɗaya da ta ragu a farashin ganga, Iraƙi na asarar biliyan ɗaya a shekara, kuma shi a wurinsa wannan yaƙi ne ko da ba a harba harsashi ba.

A ganinsa bashin ma ba bashi ba ne. Jinin 'yan Iraƙi ne ya tsare masarautun Tekun Fasha daga juyin juya halin Khomeini, to wa ke bin wa? A tsakiyar Yuli ministan harkokin wajensa, Tariq Aziz, ya rubuta wa Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa yana zargin Kuwait da satar man rijiyoyin Rumaila na dala biliyan 2.4. Akwai kuma tsohuwar buƙata ta tsibiran Warba da Bubiyan, waɗanda suka toshe wa Iraƙi mashigar teku ta Umm Qasr. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, kuma masu mulkin Kuwait sun amsa su da isa irin ta mai kuɗi. Tattaunawar da aka yi a Jidda ranar 31 ga Yuli da 1 ga Agusta tsakanin mataimakin Saddam, Izzat Ibrahim al-Douri, da Yarima Sa'ad al-Abdullah mai jiran gadon Kuwait ta watse babu sakamako.

Abin da ya gani, da abin da ya fassara

Game da Amurka, shekara goma ta koya wa Saddam cewa ana ɗaga masa ƙafa. Shi ya fara kai wa Iran hari a 1980, ba wanda ya hukunta shi. A Disambar 1983 Donald Rumsfeld ya zo Bagadaza a matsayin manzon Shugaban Amurka Reagan, a 1984 aka maido da hulɗar jakadanci. A Mayun 1987 jirgin yaƙin Iraƙi ya harbi jirgin ruwan Amurka mai suna Stark, ma'aikata 37 suka mutu, Washington ta karɓi uzuri. A Maris 1988 ya zuba iskar guba a Halabja, garin Kurdawa a arewacin Iraƙi, mutum wajen 5,000 suka halaka, aka yi 'yar hayaniya aka wuce. Har a Afrilun 1990 tawagar sanatoci ƙarƙashin Bob Dole ta same shi a Mosul da kalamai masu taushi.

Sai kuma ganawar da aka fi yayatawa. Ranar 25 ga Yuli, dakarunsa na kan iyaka, ya kira jakadiyar Amurka, April Glaspie. Bisa rubutaccen bayanin da Iraƙi ta fitar daga baya, ta ce masa Amurka ba ta da ra'ayi a kan rikicin Larabawa da Larabawa irin saɓaninsu na iyaka da Kuwait. Kwana shida bayan haka wani babban jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka, John Kelly, ya tabbatar wa majalisar dokoki a bainar jama'a cewa babu yarjejeniyar tsaro tsakanin Amurka da Kuwait.

Daga nan aka samo labarin da har gobe ake maimaitawa a majalisun hira, wai Amurka ce ta ɗana masa tarko, ta ba shi izini sannan ta juya masa baya. Ni ban gamsu da shi ba. Glaspie tana magana ne a kan saɓanin iyaka: 'yan rijiyoyin mai, tsibirai biyu, layin da Turawan Ingila suka ja a taswira. Ita da kanta ta faɗa wa 'yan jarida daga baya cewa ba ita ba, ba kowa ba, babu wanda ya zaci Iraƙi za ta ɗauke Kuwait ɗungurungum. Tariq Aziz ma, wanda ke zaune a wurin, ya ce bayan shekaru ba ta ba su wani izini ba. Akwai alamar cewa da Saddam ya tsaya a kudancin Rumaila da tsibiran nan, da an yi ta Allah wadai, an kafa kwamitin sasantawa, wataƙila ma ya tsira da wani abu. Shirun da aka yi masa na ƙaramin abu ne, shi kuma ya aikata babba. Kowa ya haɗiye taɓarya, in ji Hausawa, ya kwana tsaye.

Kuma akwai hujjojin da suka saɓa wa lissafinsa, ya tsallake su. A 1961, da shugaban Iraƙi na lokacin, Abdulkarim Ƙasim, ya yi iƙirarin cewa Kuwait ta Iraƙi ce kwanaki kaɗan bayan ta samu 'yanci, nan da nan Ingila ta turo sojoji, daga baya dakarun Ƙungiyar Larabawa suka karɓe su. A Janairun 1980 Shugaba Carter ya shelanta cewa Amurka za ta yi amfani da ƙarfin soja a kan duk wata ƙasa daga waje da ta nemi mallake Tekun Fasha. A 1987, yana ji yana gani, Amurka ta ɗora tutarta a kan jiragen dakon man Kuwait ta riƙa yi musu rakiya. Sannan ga lissafin mai, wanda ba ya buƙatar ɗan leƙen asiri. Iraƙi da Kuwait a haɗe suna da kusan kashi 20 cikin ɗari na man da aka tabbatar a duniya a lokacin. Saudiyya, mai kusan kashi 25, rijiyoyinta suna gabashin ƙasar, tafiyar sa'o'i kaɗan daga inda tankokinsa suka tsaya. Ko yana da niyyar shiga Saudiyya ko ba shi da ita, ya sa kansa a inda zai iya, kuma wannan kaɗai ya ishi Washington da Riyadh.

Duniyar da ya sani ta riga ta wuce

Kuskurensa mafi ban mamaki shi ne game da Tarayyar Soviet. Tun 1972 akwai yarjejeniyar abota tsakaninsu, yawancin tankokinsa da jiragensa daga can suke. A da, duk ƙasar da ke ƙarƙashin inuwar Mosko tana da tabbacin cewa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba zai taɓa amincewa a yaƙe ta ba, domin za a hau kujerar na-ƙi. Amma katangar Berlin ta faɗi tun Nuwamban 1989, shugaban Soviet Gorbachev kuma rance da goyon bayan Yamma yake nema.

Saddam ya san wannan. A jawabinsa na Amman a Fabrairun 1990, shi da bakinsa ya ce ƙarfin Soviet ya ja baya, Amurka za ta yi yadda ta ga dama a yankin na wasu shekaru. Ya gano cutar daidai, sai ya sha maganin da ba nata ba: ya ɗauka mafita ita ce Larabawa su taru a bayan gwarzo ɗaya, wato shi. Ranar da ya shiga Kuwait, sakataren harkokin wajen Amurka James Baker yana tare da takwaransa Eduard Shevardnadze a Irkutsk. Washegari suka tsaya tare a Mosko suka karanta sanarwa ɗaya ta la'antar mamayar, Soviet ta dakatar da ba shi makamai. A ranar mamayar Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 660 na la'antar ta da ƙuri'a 14, ba ko ɗaya a kan ƙi. Ranar 6 ga Agusta ƙuduri na 661 ya ƙaƙaba takunkumi. Turkiyya da Saudiyya suka rufe bututun da man Iraƙi ke bi. Dukiyar Kuwait ma da ya yi kwaɗayi, mafi yawanta tana zube a bankuna da kamfanonin Turai da Amurka, kuma tun ranar farko aka kulle ta. Ya kama gidan, amma kuɗin na hannun masu gidan da ke gudun hijira a Ɗa'if ta Saudiyya.

Game da Larabawa, ya yi imani cewa babu sarkin Saudiyya da zai yarda sojojin da ba Musulmi ba su sauka a ƙasar Harami biyu. Nan ma akwai dalili, domin gidan sarautar ya daɗe yana ƙin hakan. Ranar 6 ga Agusta sakataren tsaron Amurka Dick Cheney da Janar Norman Schwarzkopf suka gana da Sarki Fahad a Jidda, ya amince a zama ɗaya, manyan malamai ƙarƙashin Sheikh Bin Baz suka ba da fatawar halasci. Ranar 10 ga wata a Alƙahira ƙasashe 12 na Ƙungiyar Larabawa suka zaɓi tura dakaru. Husni Mubarak na Masar yana jin an ci amanarsa, don ya je Bagadaza a Yuli ya dawo yana gaya wa duniya cewa Saddam ba zai kai hari ba. Ga shi kuma Amurka ta yafe wa Masar bashin makamai na kusan dala biliyan 7. Hafiz al-Assad na Siriya, ɗan jam'iyyar Ba'ath kamarsa amma babban maƙiyinsa, ya turo sojoji suka tsaya sahu ɗaya da na Amurka. Daga nahiyarmu Maroko da Senegal da Nijar ta zamanin Ali Saibou duk sun tura dakaru Saudiyya.

Wa zai gaya masa?

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda aka yi babu wanda ya nuna masa waɗannan ramuka. Amsar tana cikin yadda ya gina mulkinsa. A Yulin 1979, kwanaki bayan ya hau mulki, ya tara shugabannin jam'iyya a zaure ɗaya aka riƙa kiran sunaye ana fita da mutane, yana zaune yana zuƙar sigari, aka kashe sama da 20 daga cikinsu. A 1982 ministan lafiya Riyad Ibrahim ya rasa ransa, kuma abin da aka fi ruwaitowa shi ne ya ba da shawarar Saddam ya ɗan sauka na wucin gadi domin a samu sulhu da Iran. Bayan irin wannan, duk mai hankali ya san shawarar da ake so ya bayar.

Shirin mamayar Kuwait ya tsaya ne tsakaninsa da 'yan tsirarun dangi irin su surukinsa Hussein Kamel da ɗan'uwansa Ali Hassan al-Majid, da kwamandojin zaratan dakarunsa. Ministan tsaro da babban hafsan sojoji, Nizar al-Khazraji, sai bayan an shiga suka ji. Shi kansa Saddam bai san Yamma ba, in ban da 'yan ziyarce-ziyarce irin ta Faransa a 1975. Abin da ya sani game da Amurka labari biyu ne: Vietnam, da Beirut, inda bam ɗaya ya kashe sojojinta 241 a 1983 ta kwashe kayanta. Shi ya sa ya gaya wa Glaspie cewa al'ummarta ba za ta iya jure mutuwar mutum 10,000 a gumurzu ɗaya ba. Shi kuwa ya jure ninkin-ba-ninkin haka a fadamun Basra da Faw.

Wata biyar da rabi, ƙofa a buɗe

Da kuskuren na daren 2 ga Agusta ne kaɗai, da sai a ce caca ce ta ƙi ci. Amma daga ranar zuwa 17 ga Janairu yana da damar fita, kuma an yi ta nuna masa ƙofa. Sarki Hussein na Jordan ya yi ta kai-komo. Mitterrand na Faransa ya buɗe masa hanya a jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumba. Manzon Gorbachev, Yevgeny Primakov, ya zo daga Mosko a Oktoba. Abin da gwamnatin Shugaban Amurka George Bush ta fi tsoro a lokacin shi ne ya janye rabi, ya riƙe Rumaila da tsibirai, domin da wuya a shawo kan ƙawaye su yi yaƙi a kan abin da ya rage. Bai yi ba.

Maimakon haka kowane mataki da ya ɗauka ya ƙara wa abokan gaba haɗin kai. Ya tsare Turawa ya kira su baƙi, ya ajiye wasu a wuraren da ake jin za a kai wa hari, har ya fito a talabijin yana shafa kan wani yaro ɗan Ingila da tsoro ya bayyana a fuskarsa. Sannan a Disamba ya sake su duka ba tare da ya samu komai ba. Ranar 15 ga Agusta ya miƙa wa Iran duk abin da aka yi shekara takwas ana mutuwa a kansa, ya koma kan yarjejeniyar iyaka ta Aljiyas ta 1975, don ya kwashe sojoji daga gabas. Iran ta karɓa ta yi shiru. Da yaƙi ya ɓarke ya tura jiragen yaƙinsa sama da 100 can domin su tsira, ta riƙe su.

Ya kuma jingina da talakawa. Ranar 12 ga Agusta ya ce zai duba batun Kuwait in Isra'ila ta fita daga yankunan Falasɗinawa. Shugaban jam'iyyar da ba ruwanta da addini ya koma yana kiran jihadi, ya sa kabbara a tutar ƙasa. Wannan ya yi tasiri a zukata daga Amman zuwa Khartoum, har ƙasar Hausa, inda yau ma za ka tarar da masu amsa sunan Saddam waɗanda aka haifa a wannan tsakanin. Sai dai zanga-zanga ba ta kifar da gwamnati ko ɗaya ba. Waɗanda suka tsaya masa su suka biya: Saudiyya ta kori ɗaruruwan dubban 'yan Yemen, Falasɗinawa kusan 400,000 da ke zaune a Kuwait yawancinsu suka rasa matsuguni.

Ranar 29 ga Nuwamba ƙuduri na 678 ya ba shi wa'adin 15 ga Janairu ya fita daga Kuwait, in ba haka ba a fitar da shi da ƙarfi. Ƙasashe 12 suka amince, har da Soviet. Cuba da Yemen suka ƙi. China ta ƙaurace ba ta hau kujerar na-ƙi ba. Ranar 9 ga Janairu a Geneva Baker ya miƙa wa Tariq Aziz wasiƙar Bush. Aziz ya karanta ya ce kalamanta ba su dace da shugabanni ba, ya bar ta a kan tebur. Ɗan'uwan Saddam, Barzan al-Tikriti, yana zaune kusa da shi. Mutum ya yi tunanin wane ne zai so ya zama mai ɗauke da wannan takarda zuwa Bagadaza.

Adalci ya sa a faɗi cewa karatunsa na Amurka ba shirme ne zalla ba. Majalisar dattawan Amurka ta amince da yaƙin ne da ƙuri'a 52 da 47, da sanatoci uku sun sauya ra'ayi da labarin ya bambanta. Tsoron gawarwaki gaskiya ne. Inda ya ɓata shi ne zaton cewa za a zo a yi irin yaƙin da ya iya, na ramuka da waya mai ƙaya da turo matasa gaba da gaba. Waɗanda suka fi shi tsoron asarar rai sai suka tsara yaƙin da ba za su yi asarar ba.

Ranar 17 ga Janairun 1991 aka fara ruwan bama-bamai, aka yi kwana 38 ana yi kafin sojan ƙasa ya motsa. Tashoshin lantarki da gadoji da hanyoyin sadarwa suka lalace, fararen hula suka ɗanɗana, musamman a maɓoyar Amiriyya inda aka kashe kimanin mutum 400 ranar 13 ga Fabrairu. Saddam ya harba wa Isra'ila makamai masu linzami kusan 40 domin ta rama, ƙawancen ya tarwatse. Firaministan Isra'ila Yitzhak Shamir, bisa matsin Washington, ya danne zuciyarsa. Saddam ya kutsa garin Khafji na Saudiyya a ƙarshen Janairu don ya jawo yaƙin ƙasa da wuri, aka fitar da shi cikin kwana uku. Ranar 24 ga Fabrairu babbar rundunar ƙawance ta zagayo ta hamadar yamma, inda hafsoshinsa suka ɗauka ba mai iya bi ba tare da ya ɓata ba, na'urar GPS kuwa ta riga ta warware wannan. Sa'a 100 aka yi. Dubun-dubatar sojojin Iraƙi, da yunwa da ƙishirwa, suka miƙa wuya. Amurka ta rasa mutum ƙasa da 150 a fagen fama, 28 daga cikinsu a harin makami ɗaya a Dhahran. Yawancin kuɗin yaƙin ma, wanda jimillarsa ta kai wajen dala biliyan 61, Saudiyya da Kuwait da Japan da Jamus ne suka biya.

Abu ɗaya ya canka daidai: ba za su zo Bagadaza ba. Bush ya tsaya ranar 28 ga Fabrairu, Saddam ya yi amfani da ragowar dakarunsa ya murƙushe boren 'yan Shi'a a kudu da na Kurdawa a arewa cikin Maris, ya ƙara shekara 12 a kan mulki yana kiran abin da ya faru nasara.

Ƙasar ce ta ɗauki nauyin. Rijiyoyin mai sama da 600 da sojojinsa suka cinna wa wuta a Kuwait sai a Nuwamban 1991 aka kashe ta ƙarshe. Takunkumin ya zauna har 2003, ya cinye albashi da asibitoci da makarantun ƙasar da a da ake zuwa karatu daga ko'ina a yankin. Iyakar da ya tayar da yaƙi a kanta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shata ta a 1993, Kuwait ta samu wasu rijiyoyin da ake taƙaddama a kansu da wani yanki na Umm Qasr, kuma a Nuwamban 1994 gwamnatin Saddam ta amince da ita a rubuce. Bashin biliyan 14 da ya nemi gogewa da tankoki bai gogu ba, sai ma aka ɗora masa diyyar dala biliyan 52.4, wadda aka riƙa cira daga kuɗin man Iraƙi har farkon 2022, shekara 15 bayan an rataye shi.